Bin Diddigin Motsin Ido a Harkar Talla

Bin diddigin motsin ido fasaha ce ta auna inda mutum yake kallo, da tsawon lokacin da idonsa ya tsaya a wurin, da yadda yake tsallakawa daga wannan abu zuwa wancan. Likitocin ido da masana halayyar ɗan Adam ne suka fara aiki da ita. Daga baya masu talla suka rungume ta, domin tana amsa tambayar da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya: a cikin tallan da aka kashe wa kuɗi, wanne ne ido ya sauka a kansa da gaske? Tun da na'urorin suka bar ɗakin bincike suka shiga kayan da jama'a ke saye, batun sirri ya zama babban abin jayayya a kanta.

Yadda ake aunawa

Ido ba ya tafiya sumul a kan abin da yake kallo. Yakan tsaya na ɗan lokaci, galibi kusan rubu'in daƙiƙa, sai ya yi tsalle zuwa wani wuri. Likitan ido ɗan Faransa, Louis Émile Javal, ya bayyana wannan tsalle-tsalle a wajajen 1879 yayin da yake nazarin masu karatu. Dalilinsa kuwa shi ne ɓangaren da ido ke gani tar-tar ƙarami ne ƙwarai, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan aka miƙe hannu. Duk abin da ke gefe dishi-dishi ake ganinsa. Don haka dole ido ya juya zuwa abin da hankali yake so, kuma wannan ne ya sa sawun ido yake da daraja a wurin mai talla.

Na'urorin farko azaba ce: a ƙarshen ƙarni na 19 har wani ɗan murfi ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, a haɗa shi da tsinken da ke zana motsin. Na yanzu ba sa taɓa mutum. Suna haska ido da hasken infrared wanda ba a ganinsa, kyamara ta ɗauki ɗigon tsakiyar baƙin ido da kuma ƙyallin hasken a saman ƙwayar, kwamfuta ta lissafa inda kallon ya dosa daga tazarar da ke tsakanin biyun. Manyan na'urorin bincike kan ɗauki awo sau dubu ko fiye a daƙiƙa guda. Akwai kuma manhajojin da ke yin aikin da kyamarar waya ko ta kwamfuta kawai. Awonsu bai kai na waɗancan daidai ba, amma sun fi araha nesa ba kusa ba.

Abin da masu talla ke nema

Aikin da aka saba shi ne a tara masu sa kai, a nuna musu shafin intanet ko kwalin kaya ko hoton bidiyo, sannan a fitar da taswira mai launi: ja a inda idanu suka daɗe, kore ko shuɗi a inda suka gilma kawai. A manyan shaguna akan sa wa mai sayayya tabarau mai kyamara a ga kantar da idonsa ya fara sauka.

Irin wannan bincike ya tabbatar da abubuwan da ba su yi wa masu talla daɗi ba. Tun 1998 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka suka nuna cewa masu amfani da intanet na kau da kai daga duk abin da ya yi kama da allon talla, ko da bayanin da suke nema yana cikinsa. A 2006 kamfanin Nielsen Norman Group ya nuna yadda masu karanta shafi ke bin layukan sama, sannan su gangara ta gefen hagu, siffar da ta yi kama da harafin F. An kuma lura cewa idan fuskar da ke cikin talla tana kallon kayan, mai kallo ma yakan bi idonta zuwa can, amma idan shi take kallo sai ya tsaya a fuskar ya manta da kayan.

Ƙa'idar da masana'antar talla ta Amurka ta kafa a 2014 ta ce ana lissafa talla a matsayin wanda za a iya gani idan rabinsa ya bayyana a allo na daƙiƙa ɗaya, bidiyo kuma daƙiƙa biyu. Bayyana a allo daban, kallo daban. A wannan giɓin ne kamfanoni irin su Lumen Research na Landan suke kasuwanci, suna sayar da awon hankalin mai kallo. Sai dai fasahar tana da iyaka: ido na iya kafewa a kan talla alhali zuciya tana wani wuri, kuma dogon kallo na iya zama alamar ruɗewa, ba sha'awa ba.

Sirri

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ido ya fi sauran fuska tona asiri, saboda yawancin motsinsa ba da nufi ake yin sa ba. Mutum na iya ƙin latsa maɓalli, ko ya yi ƙarya a takardar tambayoyi, amma da wuya ya hana idonsa komawa ga abin da ya ja shi. Masanin Tarayyar Sobiyet, Alfred Yarbus, ya nuna a shekarun 1960 cewa mutum ɗaya yana kallon hoto ɗaya ta hanyoyi daban-daban gwargwadon tambayar da ke ransa. Idan haka ne, sawun ido na iya nuna abin da ke ran. A zamanin ne kuma Eckhard Hess na Jami'ar Chicago ya danganta buɗewar ɗigon ido da sha'awa, ko da yake ƙarancin haske da wahalar tunani ma suna buɗe shi.

Wani nazari da Jacob Kröger da abokan aikinsa suka wallafa a 2020 ya tattara binciken da ke nuna cewa daga bayanan ido ana iya hasashen shekaru, jinsi, gajiya, maye, yanayin rai, sha'awar jima'i, da alamun wasu cututtuka na ƙwaƙwalwa. Salon motsin ido ma kansa na iya taimakawa wajen gane mutum. Hasashen ba kullum yake daidai ba, kuma wannan bai rage haɗarin ba: wanda aka yi wa hasashen ƙarya ma ya cutu.

Mai sa kai a ɗakin bincike ya san ana auna shi, kuma zai tashi ya tafi. Wanda ya sa tabarau na duniyar kwamfuta mai bin ido kuwa kyamarori na kan idonsa muddin yana sanye da shi. Manyan kamfanoni sun daɗe da hango wannan. Google ya sami lasisin mallakar wata dabara a 2013 wadda ta ƙunshi cajin mai talla gwargwadon kallon da tallansa ya samu, ya kuma sayi Eyefluence, kamfanin fasahar bin ido, a 2016. A shekarar ce Oculus, kamfanin tabarau na Facebook, ya sayi The Eye Tribe na Denmak, Apple kuma ya sayi SensoMotoric Instruments na Jamus a 2017, su ma kamfanonin bin ido ne. A tabarau ɗin Meta Quest Pro na 2022 sai mai shi ya kunna bin idon da kansa. A Apple Vision Pro na 2024 kuwa ido ne ke zaɓar abu a allo, kuma Apple ya ce manhajoji da shafuka ba sa samun inda aka kalla, sai abin da aka zaɓa. Duk da haka, a 2024 masu bincike sun nuna ana iya gano abin da mutum ke rubutawa daga motsin idon hoton da ke wakiltarsa a kiran bidiyo, kafin kamfanin ya toshe ɓarakar.

Doka

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayun 2018, ta tsaurara sharaɗi kan bayanan lafiya da na siffofin jiki da ake gane mutum da su, tarar kuma na iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. A Amurka, dokar jihar Illinois ta 2008 ta ambaci hoton baƙin ido da na bangon cikin ido ƙarara, ta kuma bai wa mutum damar kai ƙara da kansa. Matsalar ita ce waɗannan dokoki sun fi kare ido a matsayin shaidar ko wane ne mutum, alhali mai talla ba sunansa yake nema ba, inda hankalinsa ya karkata yake nema. Dokar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta haramta na'urorin karanta yanayin rai a wuraren aiki da makarantu, amma haramcin bai kai ga talla ba. A can, daga cikin sharuɗɗan da ta gindaya akwai sanar da wanda ake aunawa.