Masu son koyon aiki da ƙungiyoyin agajin lafiya a ƙasar waje, ga amsoshinku

Tun da na dawo daga Maradi, inda na yi wata shida ina sanin makamar aiki da wata ƙungiyar agaji, ban ƙara cin shinkafar biki cikin kwanciyar hankali ba. Ko a Agege ko a Idi-Araba a nan Legas, sai wani ya ja ni gefe: "Anti, don Allah yaya ake yi?" Tambayoyin iri ɗaya ne, bakina kuma ya gaji. Ga su nan a rubuce.

Anti, wace ƙungiya ce ke ɗaukar ɗalibai?

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, tana da tsarin masu koyon aiki na mako 6 zuwa 24, kuma sai ka kai shekara 20. Hedikwatarta na Geneva, ofishinta na Afirka na Brazzaville. UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ma tana ɗauka. Ita kuwa MSF, wadda muke kira Likitoci Na Gari Na Kowa, ba ta tura ɗalibi fagen aiki. Sai wanda ya gama karatu ya yi kamar shekara biyu yana aiki. Ku daina tambayata ko akwai hanyar baya.

Ana biya?

Alawus ne, ba albashi ba. WHO ta fara bai wa masu buƙata tun Janairun 2020. Wanda ke lissafin turo wa Mama kuɗin cefane daga Geneva, bai san kuɗin hayar ɗaki a Geneva ba.

Za a bar ni in yi allura, in karɓi haihuwa?

A'a. Lasisinka na Najeriya bai bi ka ya ƙetare iyaka ba, balle kai da ko lasisin ba ka da shi. Watana na farko ƙidayar kwalayen magani na yi, da cika takardun awon yara masu tamowa. Na ji haushi a lokacin. Daga baya na gane cewa idan lissafin sito ya karkace, yaro ne zai kwana babu abincin magani. Duk inda aka miƙa wa ɗalibi almakashi aka ce ya gwada a jikin talaka don babu mai gani, ka tashi ka bar wurin.

An turo mini takardar gayyata, amma an ce in fara biyan kuɗi. In biya?

To, wannan sai mun zauna, don ba ni da amsa guda. Abin da zan iya faɗa ba tare da shakka ba: hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mutum. Idan takardar na ɗauke da tambarin WHO ko UNICEF kuma ana neman "kuɗin rajista", ɗan damfara ne, wataƙila ma yana nan Legas tare da kai. Duba adireshin imel ɗin. Na WHO yana ƙarewa da who.int, babbar hukuma ba ta rubuto maka daga Gmail.

Amma ba duk mai neman kuɗi ne ɓarawo ba, a nan abin ya rikice. Akwai ƙananan ƙungiyoyi da asibitocin koyarwa da ke karɓar ɗaliban waje na 'yan makonni, kuma su kan ce ka biya masauki, abinci da ladan mai kula da kai. Wasu na gaskiya ne. Wasu kuma ba damfara ba ce kai tsaye: yawon buɗe ido ne aka sa wa farar riga, ka ɗauki hoto da 'ya'yan mutane ka dawo ba ka koyi komai ba. Ba su sace kuɗinka ba, amma ba su ba ka abin da ka je nema ba.

Da ni ce, zan nemi sunan likita ko nas ɗin da za ta kula da ni, in tabbatar tana aiki a wurin. Zan nemi a rubuta mini abin da kowane kuɗi zai biya. Zan nemi lambar mutum biyu da suka taɓa zuwa, in kira su da kaina. Asusun ƙungiya zan tura wa, ba na wani mutum ba. Idan kuma aka ce "gurbi ɗaya ya rage, ki biya kafin gobe", na fasa, ko da gaskiya ne. Duk da haka ba zan rantse maka ba. Na san wadda ta bi duk waɗannan ta isa can ta tarar mai kula da ita ya tafi hutu. Abin da zan ce kawai, kada a sayar da filin gado ko a ci bashin adashe saboda wannan tafiya. Kuɗin da za ka iya rasawa ka yi barci, shi za ka sa.

Dole sai na iya Faransanci?

Idan Nijar, Chadi ko Kongo kake hari, eh. A Maradi da Damagaram Hausarka za ta sa uwar yaro ta saki jiki da kai fiye da Baturen da ke gefenka, amma rahoto da taron safe duk da Faransanci ake yi. Ga Alliance Française a Ikoyi, ga ƙauyen koyon Faransanci a Badagry. Kuna da lokacin TikTok, kuna da lokacin wannan.

Waɗanne takardu?

Fasfo, ofisoshinsa na Ikoyi, Ikeja da Festac. Katin rigakafin shawara daga jami'an lafiya na filin jirgin Murtala Muhammed, kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake aiki. Wasu kan nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda a Alagbon. Inshorar lafiya, ka tambaya wa zai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba ya ce mace ba za ta tafi ita kaɗai ba.

Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata, nawa mahaifin ma haka ya ce. Kada ki je masa da kuka ko da Turanci. Ki kai masa takardar ƙungiyar, adireshin masauki, da sunan shugabar da za ki zauna ƙarƙashinta. Ki nemi kawu ko gwaggon da yake jin nauyi su yi magana. Tsoronsa ba na banza ba ne, domin akwai wuraren da ake sace ma'aikatan agaji. Idan ya ƙi bana, ki yi haƙuri ki ƙaro shekara guda ta aiki.

Ba na samun komai a waje, in haƙura?

Wa ya ce sai a waje? MSF ta yi aikin gubar dalma a Zamfara daga 2010 zuwa 2022, tana kula da masu yoyon fitsari a Jahun. A nan Obalende, a 2014, Dokta Stella Adadevoh ta hana mai ɗauke da Ebola fita daga asibiti, ta rasa ranta a kan haka. Ku da ke Idi-Araba, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, na bayan gidanku. Wanda ya yi shekara yana aikin sa kai da Red Cross ta Najeriya ko a rigakafin shan inna, takardarsa ta fi nauyi a idon masu tantancewa.

Anti, ko za ki sa mini baki?

Ba ni da bakin. Kawo takardar neman gurbin taka in gyara maka, ranar Asabar bayan la'asar, kuma ka zo da ita a buge.