Yaro ya fara ƙin barcin rana, a bar shi ko a matsa mishi?

Wai a shekara nawa yaro ke daina barcin rana ne?

Babu ranar da aka yanke. Galibi tsakanin shekara 3 zuwa 5 ne, wani tun shina 3 ya yi sallama da shi, wani kuma har ya shiga jardan shina gyangyaɗi bayan azahar, kuma duk lahiya lau suke. Abin lissahi shi ne barcin dare da na rana in an haɗa. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, a jagorar da ta hitar cikin 2019 ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 shina buƙatar awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. In dare kaɗai ya cika mishi wannan to na rana ba dole ba ne.

Nawa shekararshi 2, kwana biyun nan ko goya shi na yi ba ya barci, ya gama ke nan?

Da wuya ƴar'uwa. Ɗan shekara 2 lokacin ne ya gano kalmar "a'a", wanka a'a, tuwo a'a, to barci ma haka. Ki ci gaba da shimfiɗa mishi tabarma lokacin da ya saba har sati biyu ko uku, yawancinsu suna komawa. Ki duba shi wajen la'asar, in shina murza ido shina kuka kan an taɓa mishi takalmi, ko ya ɓingire bakin ƙofa da guntun biredi a hannu, wannan bai gama ba, rigima ce kawai.

To yaya zan gane ya gama da gaske?

Dare za ki kalla ba rana ba. Gajiya taruwa take a jikin yaro tun sahe, barcin rana ya sauke wani kashi, to in ya girma ba ta taruwa da sauri kamar da, shi ya sa in ya yi awa biyu da rana sai ki ga an yi lisha, an ci tuwo, babanshi ya dawo daga hira har ya kwanta, shi ko gogan idonshi biyu shina tsalle bisa katifa har ƙarhe goma sha ɗaya. Ko kuma ya farka tun kahin kiran asuba. In haka ta daɗe, kuma ranar da bai yi barcin ba ya kai magariba ba hushi ba kuka, to lokaci ya yi.

A tsaida shi rana ɗaya?

Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Rage mishi za ki yi, awa biyu ta koma ɗaya, daga nan minti 30 zuwa 45, kuma ki tashe shi kahin ƙarhe ukku ko da zai yi miki ƙunƙuni. Bayan nan yau ya yi gobe bai yi ba, ana iya shan watanni a haka, ba laihi. Ranar da bai yi ba ki gaggauta mishi abincin dare ki kwantar da shi da wuri, rabin awa ko awa guda kahin lokacinshi. Nan ne ake samun matsala a gidan yawa, don tale na kunne, sauran yara na guje-guje tsakar gida, sai kin ja shi ɗaki kin yi da gaske.

Da wanga zahi na Maradi kuma in bar shi ya hita?

Ko kusa. Afrilu da Mayu zahi na wuce digiri 40, yaro ba shi da abin yi waje da tsakar rana. Barcin ne ya bari, hutun shina nan. Ki watsa mishi ruwa, ki ba shi ya sha, ki shimfiɗa tabarma inda iska ke shiga, ki aje mishi marahen kwalba ko allonshi ko ki yi mishi tatsuniya (na san kakanni za su ce ba a tatsuniya da rana, to ki kira ta labari), ki ce ba sai ka yi barci ba, kwanta dai. Fara da minti 15 ki riƙa ƙarawa. Amma ban da miƙa mishi portabul, wannan ba hutu ba ne. In barcin ya ɗauke shi da kanshi ki bar shi, lokacin zahi har wanda ya daina yakan koma.

In ya ɓingire dab da magariba fa?

Tsohi sun hana barcin wannan lokaci, kuma a nan ina bayansu, don shi ke kashe na dare. Ki tashe shi a hankali ki yi mishi wanka. Kuma a daina ɗanɗana ma yaro shayin majalisa da marece, shina hana barci.

Wanda ya daina kuma sai ga shi shina ta barcin rana?

In ya sha wasa ne ko an yi tahiya ba komi. Amma in jikinshi da zahi, ya ƙi abinci, ko shina wuyar tashi, musamman da damina lokacin masassarar cizon sauro, ki kai shi likita ranar nan a gwada jininshi, kar ki jira gobe. Siro na sa barci da ake saye wajen masu tallar magani kuma kar ki ba shi, da rana ko da dare.