Taswirar ruwa da makiyaya a arewacin Nijar: tambayoyi da amsoshi

Me ake rubutawa a kan kowace mashaya?

Ɗigon GPS kaɗai ba ya shayar da saniya. Bayan an ɗauki wurin da wayar hannu, a rubuta irin mashayar: rijiyar gargajiya, rijiyar siminti, burtsatse ko tafki. A zura igiya a auna zurfin ruwan da asuba kafin a fara ɗiba, a sake aunawa da yamma. Bambancin ne ke nuna ko rijiyar na maido da ruwa da sauri. A ɗanɗana ko akwai kanwa. Sannan a tambayi wanda ke da iko da ita, domin rijiyar da wani dangi ya haƙa ba kowa ke sha ba sai da izini.

Yaushe ya kamata a je?

Sau biyu: ƙarshen damina, da kuma Afrilu ko Mayu. Tafkin da ya cika a Satumba yana iya zama busasshiyar laka a Disamba. Idan aka zana shi da shuɗi ba a rubuta watan ƙafewarsa ba, an yaudari makiyayi.

Hoton tauraron ɗan'adam bai wadatar ba?

Hotunan taurarin Sentinel-2 kyauta ne, suna zuwa duk kwana 5, kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa. Suna nuna tafkuna da koren ƙasa, amma bakin rijiya ya yi musu ƙanƙanta. Ba sa kuma bambanta ciyawar kirki da tumfafiya, wadda shanu ba sa so. Dole a taka ƙasa tare da makiyayan yankin.

Wace tazara ake bari tsakanin mashayu?

Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta sa kilomita 15 ga rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga burtsatse. Dalilin ciyawa ne. Saniya mai kilo 250 na cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa kullum, tana shan wajen lita 30 da bazara. Garken shanu 500 ke nan lita 15,000 a rana. Burtsatse na iya ba da wannan cikin sauƙi, sai garkuna su taru, su cinye kewayen, kofato ya daddage ƙasa. Shi ya sa ake zana da'ira mai nisan kilomita 10 daga kowace mashaya, a lissafa ciyawar cikinta, a ɗauki wajen sulusi a matsayin abin da dabba za ta ci. Sauran na gara ne da iska da gobarar daji.

Burtali fa?

A zana shi da wuraren yada zango, a kai wa hukumar filaye ta yankin ta yi masa rajista kafin gonaki su shiga.