Fina-finan bayan fage na rangadin mawaƙa: tambayoyin da aka yi mini a Gusau

Ɗan ƙanwata yana da shagon cajin waya da tura fina-finai a Tudun Wada, nan Gusau. Wata Asabar na biya in karɓi caja, sai na tarar da shi da abokansa sun yi cirko-cirko a kan kwamfuta suna kallon Michael Jackson yana gwajin rawa a wani makeken zaure da babu kowa sai ma'aikata. Gardama ta riga ta kaure. Wani na cewa duk shiri ne, wani na rantsuwa gaskiya ce tsagwaronta. Da yake sun san na daɗe ina ɗaukar bidiyon biki da na saukar karatu, sai suka juyo kaina. Ga abin da suka tambaya, ga kuma amsar da na ba su, da ƙarin abin da ya faɗo mini a rai bayan na koma gida.

Kawu, wanga fim ne, ko wasan ne kawai aka ɗauka?

Iri biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai wanda ake kafa kyamarori a ɗauki wasan kamar yadda 'yan kallo suka gan shi, daga waƙar farko har ta sallama. Irinsa ne wanda Taylor Swift ta fitar a watan Oktoba na 2023: dare uku aka ɗauka a filin wasa na SoFi da ke kusa da Los Angeles, aka haɗa su suka zama kamar dare ɗaya, ya kuma tara sama da dala miliyan 260 a gidajen sinima.

Na biyun shi ne wanda kyamara ke zagawa ta bayan labule. A nan za ka ga gwaji, da ɗakin sauya kaya, da cikin mota da jirgi, da mawaƙi yana cin abinci a tsaye ko yana faɗa da mai kula da sauti. Waƙar kan zo ne guntu-guntu. Ita wannan mawaƙiyar ta fitar da irinsa a kan rangadin nata a Disamban 2025, kashi shida, a manhajar kallon fina-finai ta Disney+.

Tun yaushe ake yin irin wannan?

Ya girmi iyayen wasunku. A 1965 wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, D. A. Pennebaker, ya bi mawaƙi Bob Dylan rangadinsa na Ingila, fim ɗin ya fito a 1967. Abin da ya ba shi dama shi ne an samu kyamara marar nauyi da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa, da rakoda mai tafiya daidai da hoton. Kafin nan kyamara girke ta ake yi wuri ɗaya, mutum ne zai zo gabanta. Da ta yi sauƙi sai ta koma bin mutum har ɗakin otal.

Amma wadda ta shimfiɗa salon da ake bi har yau ita ce Madonna, da fim ɗinta na 1991 a kan rangadin da ta yi a 1990. Daraktan, Alek Keshishian, ya yi wata dabara: duk abin da ya faru a kan dandamali mai launi ne, duk na bayan fage kuma baƙi da fari. Ido na ganin baƙi da fari sai zuciya ta ce to, nan ne gaskiyar take. Dabarar ta ci mutane, har da ni a kallon farko.

To gaskiya ce ko shiri? Kawu, ka raba mana gardama.

Bari in fara da sana'ata. In na shiga ɗakin amarya da kyamara, kafin in danna komai ɗakin ya riga ya sauya. Mai hamma ta rufe baki, mai gulma ta yi shiru, gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi. Kukan da amarya za ta yi lokacin da ake yi mata nasiha kuka ne na gaske, ban sa ta ba. Amma in na koma gida da hoton awa shida, wanda ya biya ni yana son awa ɗaya. Rigimar da aka yi a kan kuɗin sayen baki ba za ta shiga ba. Kawun da ya yi fushi ya tafi, sai dai a gan shi a farko yana dariya. Ban ƙirƙiri komai ba, amma wanda ya kalli bidiyon zai rantse bikin lami lafiya aka yi shi.

Haka abin yake a can, sai dai kuɗin ya fi yawa. Yawancin waɗannan fina-finai mawaƙin ne ko kamfaninsa ke ɗaukar nauyinsu, shi ke da ta cewa a ɗakin yanka da haɗawa. Wanda ya biya makaɗi shi ke zaɓar kiɗa.

Ku ɗauki wannan da kuke kallo, *This Is It*. Michael Jackson yana shirin wasa 50 a zauren O2 na Landan, ana ɗaukar gwaje-gwajensa a Los Angeles. Ya mutu ranar 25 ga Yuni 2009, ko wasa ɗaya bai yi ba. A watan Oktoban shekarar aka haɗa hotunan gwajin aka fitar, ƙarƙashin daraktan wasan, Kenny Ortega. Me kuke gani a ciki? Gwani mai shekara 50 yana taka rawa tare da matasan da a haife ya haife su, yana gyara wa makaɗa kuskuren da kunnensu bai ji ba. Duk wannan ya faru. Abin da ba ku gani shi ne mutumin da barci ya ƙaurace wa, har likitansa ke ɗura masa maganin da ake sumar da marar lafiya da shi a ɗakin tiyata. Wannan sai a kotu aka baje shi, inda aka samu likitan, Conrad Murray, da laifin kisa ba da gangan ba a 2011.

Wani lokacin ma ba a ɓoye ɗinkin. A fim ɗin Beyoncé na 2019, wanda ya nuna wasanta na bikin waƙe-waƙe na Coachella na 2018, kana cikin kallo tana sanye da rawaya, ƙiftawar ido sai ka gan ta cikin ruwan hoda, waƙar ba ta tsaya ba, ƙafar ba ta sauya ba. Wasa biyu ne na mako biyu aka saƙa wuri ɗaya. Ta bar shi a fili don a ga irin horon da ya sa mutum sama da ɗari suka taka sawu ɗaya a rana biyu daban. Ita ce kuma daraktar fim ɗin. Don haka wahalar da ta nuna, ta komawa gwaji bayan haihuwar tagwaye ta hanyar tiyata, ita ta zaɓi gwargwadon da za a gani.

Na ce musu duka ɓangarorin biyu sun ci rabin gardama. Ba su ji daɗi ba, sun so a ce wani ya faɗi.

Amma ai ana ganin su suna kuka. Shi ma da izini?

Kukan na iya zuwa ba shiri, barinsa a cikin fim shi ne da izini. Wanda aka fi tunawa shi ne na Katy Perry a fim ɗinta na 2012. Aurenta na tangal-tangal, tana São Paulo ta ƙasar Birazil, dubban mutane na jiran ta, ita kuwa tana kwance tana kuka. Aka tambaye ta ko a soke wasan. Ta tashi, aka shirya ta, ta tsaya a kan na'urar da ke ɗago mawaƙi daga ƙarƙashin dandamali, kanta a sunkuye. Na'urar na fara tashi sai ta ɗora murmushi a fuska. Duk macen da ta taɓa share hawaye a kicin ta fito tarbar baƙi ta san wannan murmushin. A ganina daƙiƙun nan sun fi sauran fim ɗin duka, ko da kuwa an bar su ne don a ƙara son ta.

Me ya sa suke yi, alhali sun riga sun tara kuɗin tikiti?

Ai kura ba ta ƙoshi da nama. Wasa ɗaya, an sayar wa wanda ya shiga fili, an sayar wa mai zuwa sinima, an sake sayar wa Netflix ko Disney. Sannan mawaƙin da jaridu suka daɗe suna yamaɗiɗi da shi yana samun awa biyu ya ba da labarinsa da bakinsa, babu mai katse shi.

An taɓa ɗaukar abin da ba a so?

An taɓa. A Disamban 1969 ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones ta rufe rangadinta na Amurka da wasan kyauta a Altamont, jihar Kalifoniya, aka ba wasu 'yan daba masu babura aikin tsaro. Ana tsakiyar waƙa aka daɓa wa wani saurayi ɗan shekara 18 wuƙa a gaban dandamali, ya mutu, kyamara kuma ta ɗauka. Fim ɗin da ya fito a 1970 ya nuna mawaƙan zaune suna kallon hoton ana mayar musu da shi baya. Da wuya wani babban mawaƙi na yau ya bar irin wannan ya fita.

Kai me kake kallo a ciki, Kawu?

Ma'aikata. Mawaƙin na riga na san fuskarsa.

Rangadin Taylor Swift ya fara a Maris 2023 a jihar Arizona, ya ƙare a Disamban 2024 a Vancouver ta Kanada. Wasa 149 a nahiyoyi biyar (Afirka ba ta ciki, kada ma ku tambaya), kowane wasa ya haura awa uku, tikiti kuma ya haura dala biliyan biyu. Ka yi tunanin wanda zai kwance dandamalin nan da tsakar dare bayan kowa ya watse, ya loda shi a tireloli, a kwana ana tafiya, a sake ɗaura shi a wani gari. Akwai masu hawa can ƙololuwa su rataya fitilu da lasifikoki. Akwai telolin da ke tsaye a ƙarƙashin dandamali da allura a hannu, don in zif ya tsage ba a da minti biyu. Akwai mai kula da ɗan abin da ke kunnen mawaƙi, wanda ta cikinsa yake jin kiɗa da ƙidayar shiga, domin a fili mai mutum dubu saba'in ihu ba ya barin ka ji muryarka. An ruwaito cewa a 2023 ta ba kowane direban tirela kyautar dala dubu ɗari, abin da ya sa yaran shagon suka fara lissafin komawa tuƙi.

Akwai kuma tsoro. A Agustan 2024 an soke wasanninta uku na Vienna, babban birnin Ostiriya, bayan an bankaɗo shirin kai hari. Mu da muke Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan taron da aka fasa saboda tsaro ba.

Akwai na 'yan Nijeriya?

Akwai na Wizkid da ya fito a 2025, wanda ya bi shi daga Legas har wasan da ya yi a filin ƙwallon Tottenham a Landan cikin Yulin 2023.

A iya kallo da iyali?

Ka fara kalla kai kaɗai tukuna. Shigar da ke cikin yawancinsu ba tamu ba ce, na Madonna kuwa ko kusa kada ka kunna shi a tsakar gida.

Mu fa, mi ya hana a yi ma namu?

Wannan tambayar ce ta hana ni barci. Yawon kiɗa ai ba a Turai aka fara shi ba. Ƙasar nan tamu ita ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Salihu Jankiɗi na Rawayya, da Kassu Zurmi. Ka haura Kebbi ga Sani Aliyu Ɗandawo a Yawuri, ga Gambu. Makaɗan fada da ayarinsu suke tafiya: ga 'yan amshi, ga masu kotso ko taushi, ga daudun kiɗi mai riƙe ƙungiya in maigida ba ya nan, ga sanƙira mai yi wa waƙa fashin baƙi yana zuga mai kyauta. A sauka gidan wane, a kwana uku, a tashi da doki ko riga ko mota.

Muryoyinsu na nan, albarkacin gidajen rediyo da kaset, wasunsu har da ɗan hoton talabijin. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun rubuta tarihinsu. Amma abin da ke kaset shi ne waƙar da ta riga ta nuna. Ni abin da nake kwaɗayin gani shi ne zaman da ake yi a zaure kafin a fita, maigida ya jefo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa, a ga bai zauna ba, a warware a sake ƙullawa. Da yadda ake raba abin da aka samo in an dawo masauki, wa ke ɗaukar kaso nawa, wa ke gunaguni. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da Madonna ta fitar da nata.

Yanzu kuwa wayar da ke aljihun kowane ɗayanku ta fi kyamarar Pennebaker sauƙin ɗauka. Mawaƙan zamani na yawon wasan Sallah gari-gari, ana taruwa a bikin kamun kifi na Argungu da Uhola ta Zuru, 'ya'ya da jikokin makaɗan fada suna nan suna kiɗa. Na ce wa ɗan ƙanwata in da gaske yake, ya fara sayen ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, don mai kallo na yafe hoto mai duhu amma ba ya yafe sautin da ba ya ji. Ya nemi izinin maigida da na kowane ɗan amshi tun kafin a tashi, a kuma yi magana a fili a kan wa ke da ikon cewa a cire kaza. Sannan ya yi kwana biyu yana bin su ba tare da ya ɗauki komai ba, har su gaji da gyara hula in sun gan shi. Ya zauna a kujerar baya ta motar, kusa da mai riƙe da ganguna, ya bar kyamara a kunne lokacin da direba ke lissafin ko za a kai Talatar Mafara kafin la'asar ta yi sanyi.