Idan hoton tsiraicin mai zaman kanta ya fita: tambayoyi da amsoshi

Wane asiri kuma ya rage wa mai zaman kanta da za a ce an tona?

Haka ake yawan faɗa a majalisun Agege da Idi-Araba a Legas. Amma amincewar da mace ta yi da mutum ɗaya a ɗaki ba izini ba ne na ya raba hotonta ga gari. Wata ma ba ta san an ɗauka ba: waya ce aka jingina a bango, ko kiran bidiyo da aka naɗe a ɓoye.

To me take rasawa?

Rufin asirin da rayuwarta ta dogara a kai. A gida, Kano ko Katsina, an san tana sayar da abinci ne a Ikko, tana aiko da kuɗin makarantar yara. Kafin tirelar da ta tashi daga kasuwar Mile 12 ta Legas ta isa Arewa, hoton ya riga ta. Daga nan dangi su juya baya, tsohon miji ya ƙwace yara, mai gidan haya ya ce ta kwashe kayanta, auren da take fatan ya fitar da ita daga harkar ya watse. Komawa gida ma da fargaba, don a jihohin da ke bin shari'ar Musulunci hoton kansa na iya jawo mata tuhuma.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne barazana. Mai riƙe da hoton zai ce ko ta turo kuɗi, ko ta zo masa kyauta. In ta biya yau, jibi zai dawo.

Doka ta ce wani abu?

Ta ce. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta aika abin batsa da yin barazana ta intanet, kuma bai ware mai zaman kanta ba. Matsalar ita ce, macen da ta saba da kamen 'yan sanda tana tsoron ta je ƙara a mai da ita abar tuhuma. Legas na da hukumar DSVA mai kula da cin zarafin mata, can ma ana kai koke.

Ana iya goge hoton?

Ba duka ba. Shafin StopNCII, da aka buɗe a 2021, yana cirar wata lambar shaida daga hoton ba tare da hoton ya bar wayarta ba, Facebook da Instagram da TikTok su toshe shi in an ɗora. Wanda ya shiga guruf-guruf na WhatsApp kam sai haƙuri, don kamfanin ba ya ganin abin da ake turawa. Kafin ta toshe mai barazanar, ta fara adana saƙonninsa da lambar asusun da ya ce a tura kuɗi.