Audugar Chadi da Arewacin Kamaru: wa ya noma, wa ya ci?

Ɗan ƙanina ne ya tsare ni da tambayoyi ranar da muka ga manyan motocin auduga sun jero a hanyar Garwa a arewacin Kamaru, nace bari in rubuta amsar dan ba shi kaɗai ke neman sani ba.

Baba, wai Nasara ne suka kawo mana auduga?

A'a ɗana. Kafin su zo muna da abinmu, tsofaffi mata na kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa, marina na rini da baba. Abinda Faransa ta kawo shine noman dole. Tun 1928 aka soma tilasta shi a kudancin Chadi, wajajen Mundu da Sarh wanda lokacin ake cewa Fort-Archambault, aka danƙa ma kamfanin Cotonfran sayen audugar shi kaɗai.

Toh yaya ake tilasta mutum ya noma abinda baya so?

Da igiya da lampo, wato haraji. Igiya ta gaske fa, ana zuwa da ita a shimfiɗa a ƙasa a auna maka fili, ace wannan auduga zaka sa, ga yaran kamfani da ake kira boy-koton suna zagawa suna duba ko kayi noma ko bakayi ba, wanda gonarshi tayi ciyawa ya sha bulala. Sannan lampo da kuɗi ake biya, ba'a karɓar dawa ko akuya, kuma kuɗin ba inda zaka same su sai wajen mai sayen auduga. Sarakunan kanto, wato hakimai, kuma ana basu kamasho gwargwadon abinda ƙasarsu ta fitar, kaga kenan an haɗa talaka da sarkinshi faɗa. Wannan ne yafi min ciwo wallahi.

Amma ai biyansu ake ko?

Ana biya, amma wa ke yanka farashi? Mai saye ɗaya ne, sikelin ma nashi ne, bakada damar cewa albarka ka ɗauki kayanka ka tafi wata kasuwa. Mutum ya ɗauko kwando a kai tun asuba, a auna, a miƙo mishi kuɗi, kafin ya juya mai karɓar lampo na zaune gefe. Kuma damina ɗaya ce, lokacin da auduga ke neman noma shine lokacin dawa da gero, sai rumbu ya tashi ba komai. A 1929 tan 17 aka samu a Chadi, zuwa 1957 ya kai tan 80,500, ka tambayi kanka gumin wa ne wannan. A 1952 a garin Bebalem na kudancin Chadi manoma sun tashi, sojoji suka buɗe musu wuta.

Ina ake kai ta?

Ana gurje ta can Chadi a ɗaure dila dila, mai yawa ta biyo ta nan Garwa, in kogin Binuwai ya cika a loda ma jirgin ruwa ya gangara ta Nijeriya sai teku. Can Turai ake saƙawa, yadin ya dawo mu saya da tsada, masaƙanmu kuwa kasuwa ta dinga mutu musu a hannu.

Mu nan Kamaru fa?

Namu ya zo daga baya. Kamfanin auduga na Faransa CFDT da aka kafa a 1949 shi ya shigo ta wajen Kaele farkon shekarun 1950, bayan an soke aikin dole a doka tun 1946, dan haka bulalar bata kai ta Chadi ba, amma mai saye dai ɗaya ne.

Da aka samu 'yanci a 1960 abin ya canja?

Sunayen kamfanonin sun canja, Cotontchad a Chadi a 1971, Sodecoton a Kamaru a 1974, gwamnati ta shiga ciki, manomi ya soma samun taki da iri da garmar shanu bashi, ba zan ɓoye wannan ba. Amma har yau mafi yawan audugar ɗanya take fita, farashinta kuma a kasuwar duniya ake yanka shi ba'a Marwa ko Mundu ba, in an cire bashin taki da magani manomi ya ƙirga sauran a tafin hannu.