Waiwaye: daga yaɓen soro zuwa allon da ke ɗinke kanshi

Duk wanda ya tashi Sakkwato ya san zafin Afrilu ba abin wasa ba ne, ya wuce digiri 40, kwano ya ɗau wuta ka shiga ɗaki kamar tanda. Amma soron kakanmu can cikin gari har yau in ka shiga da tsakar rana sanyi za ka ji, kaurin bangon tubali da rufin azara da ƙasa ke tare zafin. Shi ma yana tsagewa fa, sai dai duk shekara kafin damina a kan kwaɓa ƙasa a bi tsagar a liƙe, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa ko katsi na marina, ido na gani hannu na gyarawa.

Da zamani ya zo sai aka koma allunan soso, wanda Otto Bayer ya fara haɗa sinadarinshi, wato poliyuritan, a Jamus cikin 1937. Ana cusa shi tsakanin falle biyu na kwano, iskar da ke cikin ƙananan ramukanshi ita ke hana zafi wucewa. Da irinsu yayana ya yi ɗakin sanyi na kifi, kuma wallahi nan na ga matsalar da idona, mahaɗar allo biyu ta ɗan buɗe kamar kaurin farce, danshi ya riƙa shiga sosan ya jiƙe a ciki ba wanda ya sani, ga shi ruwa ya fi iska ɗaukar zafi fiye da sau 20, sai dai ya ga janareto na shan gas ba ƙaƙƙautawa kifi kuma na saki.

To wannan ɓoyayyar tsagar masana ke nema ma magani tun tuni. A 2001 Scott White da Nancy Sottos da abokan aikinsu a Jami'ar Ilinoi ta Amurka suka zuba ƴan mitsi-mitsin ƙwanso masu ruwan gam a cikin roba, tsaga na isowa sai ta fasa ƙwanson ruwan ya malalo ya daskare, har abin ya dawo da kusan kashi 75 na ƙarfinshi. Illar ita ce ƙwanson da ya fashe ya fashe kenan, in wurin ya sake tsagewa babu sauran gam. A 2008 Ludwik Leibler a Faransa ya fito da robar da in ka yanke ta ka haɗa bakin sai ta manne da kanta, kuma a maimaita. Henk Jonkers na Holan shi kuma bakteriya ya sa a kankare, ruwa na shiga su farka su cike tsagar da farar ƙasa, irin dai wadda muke da ita a Kalambaina nan kusa da Sakkwato.

Amfani da waɗannan dabarun a allon tare zafi shi ne bai gama nuna ba, galibi yana ɗakin gwaji kuma da tsada. Ni burina a kawo shi nan a gwada, ya sha ranar bazara da ƙurar hunturu mu gani. Yaya dai ya canza allo biyu ya toshe sauran da gam ɗin silikon, yanzu duk asuba sai ya bi bangon da tafin hannu yana laluben inda ke gumi.